Baƙin Sallah: Shimfiɗar Fuska Ta Fi Ta Tabarma

Ga shi Allah cikin ikonsa ya kawo mu goman ƙarshe na watan azumi, Sallah kuwa ta ƙarato. Duk wadda ta ratsa Kasuwar Tarauni a 'yan kwanakin nan, ko ta leƙa shagunan teloli na Gyaɗi-Gyaɗi bayan an sha ruwa, ba sai an gaya mata ba. Masu niƙa ba su da hutu, masu kitso da masu lalle sun cika da layi, ƙamshin suyar cincin da dubulan yana tashi daga gida zuwa gida har tsakar dare.

Maganar da wannan fili zai yi a kan wannan hidima guda ɗaya ce. Baƙo ni'ima ne daga Allah, kuma hanyar gode wa wannan ni'ima ita ce a karɓe shi da abin da ake da shi, da sakin fuska, ba tare da an ci bashi ba, ba kuma tare da an saki ibada ba. Maganar tana da sauƙin faɗa, amma kowace uwargida ta san wuyar aikata ta.

Mu da ke zaune a wannan yanki mun fi kowa sanin nauyin baƙi. Unguwanninmu suna bakin titin Zariya ne, ga tashar Unguwa Uku kusa, saboda haka duk ɗan'uwan da ya taso daga Kura ko Bunkure ko Rano ko Tudun Wada, gidanmu ne zangonsa na farko. Ga Gidan Zoo a maƙwabtanmu, inda yara ke tururuwa da yawon Sallah, kuma kafin su shiga ko bayan sun fito sai sun biyo gidan Gwaggo ko gidan Yaya sun ci tuwo. Ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda masu jinya daga nesa sukan nemi gidan dangi kusa da shi. A shekarun da aka yi hawa kuwa, sai a ƙara da masu zuwa kallon Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, waɗanda ba sa komawa gida sai an watse. Da yawa daga cikinmu kuma gidajen haya muke ciki, ɗaki da falo, tsakar gida ta kowa da kowa ce, ruwa sai an saya a wurin 'yan garuwa.

To, wa ke ɗaukar wannan nauyi? Mace ce. Ita ce za ta jiƙa shinkafar waina tun jajibere, ta kai niƙa, ta kwaɓa, ta tashi kafin asuba ta hura wuta. Ita ce za ta tuƙa tuwon shinkafa, ta haɗa miyar taushe, ta tace zoɓo da kunun aya, ta zuba a langa da kula, ta tuna da gidan surukai da gidan kawu da gidan maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, don kada a ce an manta da wani. Maza sun tafi Idi cikin sabuwar shadda, yara sun yi kwalliya sun fita, ita kuwa tana bakin murhu da zanen jiya. Sau da yawa sai la'asar ta yi kafin ta tuna ko ruwa ba ta sa a bakinta ba, ranar da aka haramta azumi.

Ba muna kuka da wannan aiki ba ne. Ciyar da mutane aiki ne na lada, kuma iyayenmu sun yi shi kafin mu. Abin da ya dame mu shi ne asarar da ake yi a cikinsa, wadda ta kasu kashi uku.

Asara ta farko ita ce bashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowace mai cefane ta ga yadda kuɗin mota da na shinkafa da na man gyaɗa da na gas suka tashi. Amma abin mamaki, gasa ba ta ragu ba. Wance ta soya kaji, dole ni ma in soya. Kishiya ta ɗinka leshi, atamfa ba za ta ishe ni ba. Maƙwabciya ta canza labule, nawa ya zama abin kunya. Da haka sai a kwashe adashin da aka yi wata da watanni ana zubi, a karɓi kayan masarufi bashi a kanti, wata ma har ta kai ɗan kunnenta na zinariya kasuwa ba da sanin maigida ba. Kwana uku an cinye, an wanke tukwane, baƙi sun koma garinsu. Sai a buɗe makaranta, ga kuɗin littattafai, ga mai kanti yana aiko yaro safe da yamma. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Kada kuma mu manta, wata biyu da kwana goma ne kawai tsakanin wannan Sallah da Babbar Sallah. Wadda ta shiga Shawwal da bashi, da me za ta tari Layya?

Asara ta biyu ta fi ta farko ciwo, domin ba a mayar da ita. Waɗannan darare goma da muke ciki su ne mafi daraja a shekara, a cikinsu ake neman daren Lailatul Ƙadari, wanda Alƙur'ani ya fifita ibadarsa a kan ta wata dubu. Amma su ne dararen da mace ta fi kowane lokaci shagala. Wata tana zaune a shagon tela tana gadin ɗinki har ƙarfe ɗaya na dare. Wata tana murza cincin, ana jiyo karatun tahajjudi daga masallacin unguwa, tana cewa bari in kwashe wannan kaskon tukuna. Ranar Sallah kuma sai a haɗa azahar da la'asar ba tafiya ba ciwo, don kawai miya tana kan wuta. 'Yar'uwa, ki tsaya ki yi lissafi. Wanda ya ba ki shinkafar da kike tuƙawa, ya ba ki lafiyar tsayawa a kanta, shi ne kika ce ya jira sai kin sallami baƙi?

Asara ta uku ita ce ta fuska. Macen da ta kwana uku ba barci, ga tunanin bashi a zuciyarta, ba za ta iya yi wa kowa fara'a ba. Sai baƙi su tarar da abinci kala biyar, amma mai gidan fuskarta a murtuke, tana yi wa yara tsawa, tana buga kwanuka a madafa. Uwar miji ta lura, dangin miji su tafi da magana, daga nan sai a kwana biyu ba a ga maciji tsakanin mata da miji. An kashe kuɗi don a ƙulla zumunci, an tashi da akasin haka. Shi ya sa magabata suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Baƙo yakan manta irin miyar da ya ci, amma ba ya manta yadda aka amsa sallamarsa.

Duk wadda take jin baƙi sun zame mata kaya, to, ta tuna da shekarar 2020. A watan Afrilu na wannan shekara aka rufe Kano saboda annobar korona, aka hana shiga da fita tsakanin jihohi, makarantu suna rufe, kasuwanni sai ranakun da aka ware. A cikin wannan hali muka yi azumi, muka yi Sallah ranar 24 ga watan Mayu. Ba a yi hawa ba. 'Yan'uwa na nesa ba su zo ba. Gidaje da yawa a birnin nan sun yi rashin dattawansu a waɗannan makonni, waɗansu ko zaman makoki ba a samu yi ba. A wannan shekara babu uwargidan da ta yi kukan yawan wanke-wanke. Abin da muka yi kuka da shi shi ne shirun da gida ya yi, da tabarmar da aka shimfiɗa babu mai zama a kanta. Waɗansu tsofaffin da muke ƙorafin suna daɗewa in sun zo, yau ko da kuɗi ba za mu sake ganinsu ba. Saboda haka idan kika ji sallama a zaure bana, kafin ki ce wash, ki ce alhamdu lillahi. Gidan da ake zuwa, gida ne mai albarka.

Addininmu ya girmama baƙo ƙwarai. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a cikin Suratu Hud da Suratuz Zariyat, yadda ya yi hanzarin kawo wa baƙinsa gasasshen ɗan maraƙi tun bai san ko su wane ne ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya haɗa girmama baƙo da imani da Allah da ranar Lahira. Amma addinin nan da ya umurce mu da karamci, shi ne kuma ya sa masa iyaka. Malamai sun karantar da mu cewa haƙƙin baƙunci kwana uku ne, abin da ya wuce haka sadaka ce daga mai gida, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa wanda ya sauke shi ba. Suratul A'araf ta halatta mana ci da sha, ta hana mu ɓarna. Suratu Ibrahim kuma ta yi alkawarin ƙari ga mai godiya. Babu inda aka ce ki ci bashi don ki burge mutane. Abin da aka yi don a gani a yaba, riya ce, kuma riya tana cinye lada, sai mutum ya tashi ga wahala ga hannu wofi.

Godiya kuwa ba a baki kaɗai take ba. Malamai sun ce tana a zuciya, tana a harshe, tana kuma a gaɓoɓi. A wajen uwargida ranar Sallah, godiyar zuciya ita ce ta dubi abin da ke cikin tukunyarta ta yarda ya isa, ta daina leƙen ta maƙwabciya. Godiyar harshe ita ce ta bar faɗar babu a gaban 'ya'yanta alhali akwai. Godiyar gaɓoɓi ita ce ta sauke tukunya in an kira salla, kuma kada ta zubar da abin da wani ke nema.

Maganar zubar da abinci tana bukatar a tsaya a kanta. A shekarar 2011 Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake nomawa don mutane a duniya yana lalacewa ko a zubar da shi. Mu ba sai mun je nesa ba, mu dubi bolar unguwa kashegarin Sallah. Kowane gida ya dafa tuwo ya aika wa gida goma, shi ma an aiko masa daga gida goma, ga zafin gari, ga wuta ba tabbas balle a dogara da firji. Kafin gari ya waye miya ta yi tsami, waina ta yi yauƙi. Wadda ta ji ciwon zubarwa ta ɗumama ta ba yara, sai a kwana ana fama da amai da gudawa. Wannan duka bai rasa nasaba da dafa abin da ya fi ƙarfin masu ci.

Ga shawarwarin da muke ba 'yan'uwa, tun da sauran kwanaki.

Na farko, ki zauna da maigida tun yanzu, a lokacin da hankalinsa ke kwance, ku ƙirga bakin da za a ciyar da kuɗin da ke hannu. Ciyar da iyali da baƙi nauyinsa ne a shari'a, naki taimako ne da kyautatawa. Abin da ya kawo, ki karɓa da godiya, ki yi dabara a kansa. Daidai ruwa daidai tsaki.

Na biyu, a fara fitar da zakkar fid-da-kai kafin a sayi ko da gwangwanin madara na Sallah. Mudun Annabi huɗu ne a kan kowane mutum na gida, babba da yaro har jariri, daga abincin da aka fi ci a gari, kuma a ba da ita kafin a tafi Idi. Ya halatta a fitar da kwana ɗaya ko biyu kafin Sallah, don wanda aka ba ya samu damar kai niƙa. Maigida ne mai fitarwa, amma mace ce ta san gidan da ba a hura wuta ba a layinsu. Ki tuna masa, ki nuna masa.

Na uku, abinci kala ɗaya mai kyau ya fi kala huɗu da aka yi cikin gaggawa. Tuwon shinkafa da miyar taushe da aka gyara ba ya ba kowa kunya a Kano. Idan kuna shiri da maƙwabta, ku raba aiki: wannan ta yi waina, waccan ta yi tuwo, a yi musaya. Itace ya ragu, mai ya ragu, ɓarna ta ragu. Matan gida ɗaya kuwa, uwargida da amarya, ku haɗa tukunya ɗaya a wannan rana, ku kunyata Shaiɗan.

Na huɗu, duk abin da ba ya lalacewa, kamar cincin da dubulan da alkaki, a yi shi da rana, a bar dare ga ibada. Ɗinkin da bai samu ba, a haƙura da shi, a wanke na bara a goge. Sunna ta ce a sa mafi kyawun abin da ake da shi, ba ta ce sai sabo ba. Wadda kuma take cikin uzurin mata, ba a rufe mata ƙofa ba, bakinta yana iya zikiri da salati da addu'a hannunta yana aiki.

Na biyar, a kula da yara a wajen suya. Kasko cike da tafasasshen mai a tsakar gidan da yara ashirin ke guje-guje hatsari ne babba. A kafa murhu a lungu, a sa babba ya tsare, a duba tukunyar gas kafin a kunna, kada kuma a goya yaro a tsaya kan mai.

Yanzu sai ku, ƙannena 'yan makaranta. Hutun Sallah ba na kwalliya da ɗaukar hoto a waya kaɗai ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yarinyar da ta iya lissafi a aji, ta iya rubuta wa mahaifiyarta jerin cefane, ta ƙirga gidajen da za a kai tuwo. Ki karɓi wanke-wanke ba sai an ce ki yi ba. Ki ce, Umma, je ki yi salla, ni zan kula da wutar. Wannan kalma ɗaya ta fi mata kowane goron Sallah. Ki tsaya kusa da ita ki koyi yadda ake kwaɓin waina da tuƙin tuwo, domin wata rana gidanki za a zo. Idan kun fita yawon Sallah kuma, ku gaisa da manya da ladabi, ku karɓi abin da aka ba ku da hannu biyu, kada ku raina barka da Sallah don ta yi kaɗan, kuma ku dawo gida kafin magariba. Mu malamai mun saba ganin kujeru babu kowa a makon farko bayan hutu, waɗansu kuma suna gyangyaɗi a aji. Iyaye mata, a taimaka a raba aikin tsakanin yara maza da mata. Namiji ma yana iya ɗebo ruwa, ya kai kwano gidan maƙwabta, ya share ƙofar gida. Kada a tara wa yarinya ɗaya komai har ta koma makaranta a gajiye.

Mun san maza da yawa suna leƙa wannan fili, ko da ba za su faɗa ba. Malam, in ka gayyato abokai goma, ka sanar tun da wuri, ka kuma ƙara cefane. Kada ka shigo da azahar ka ce a kawo abinci zaure, alhali ba a san da su ba. In an watse kuma, ka shiga ciki ka ce sannu da aiki, Allah ya yi albarka. Ba ta da tsada, amma akwai matan da suka shekara ashirin suna jiran su ji ta. Wanda bai gode wa mutane ba, bai gode wa Allah ba.

Idan kuma mu ne baƙin, domin kowace mai saukar da baƙi wata rana ita ma baƙuwa ce, to, mu sauƙaƙa. Ga waya a hannun kowa, a sanar kafin a taso. A riƙo ɗan abin da ya samu, ko kuka ce ko daddawa ko 'yar tsarabar gero. A sa hannu a aiki, a ci abin da aka samu ba tare da tsokaci ba, kuma kada a tafi da labarin gidan mutane. Baƙo raɓa ne, in hantsi ya yi sai ya kama hanya.

Daga ƙarshe, mu tuna da waɗanda ba su da wanda zai zo musu, da waɗanda ba su da abin da za su ɗora. A kowane layi na Gyaɗi-Gyaɗi da Darmanawa da Daurawa da Unguwa Uku akwai matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, akwai tsohuwar da 'ya'yanta suka yi nisa, akwai almajirin da zai yi Sallah bai ga mahaifiyarsa ba. A asibiti akwai masu jinya da za su yi Idi a kan tabarma a baranda. Akwai kuma maƙwabtanmu waɗanda ba Musulmi ba, da suka saba ganin kwanonmu kowace shekara. Kwanon da muke aika wa gidan da ya fi mu wadata, don a ce mun aika, da a juya shi zuwa ɗaya daga cikin waɗannan, da ya fi amfani a duniya, ya fi nauyi a Lahira. Waɗannan su ne baƙin da ba za su rama mana ba, saboda haka ladansu yana wurin Allah cikakke.

Allah ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, ya sa muna cikin 'yantattun bayinsa. Allah ya sa albarka a tukwanenmu, ya rufa mana asiri, ya ji ƙan waɗanda suka yi Sallar bara da mu bana ba su. Allah ya maimaita mana. Barkanmu da Sallah tun daga yanzu.